Yadda ake kwatanta tsuntsun teku da tsuntsun waƙa: asalinsu da halin da suke ciki

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Nima, cikin Akra, kuma ni ke riƙe da ƙungiyar yaran makarantar masu sha'awar tsuntsaye da namun daji. Wannan bayani na 'yan'uwana malamai ne na zangunanmu, nan Akra da can Kumasi, da duk wani matashi mai waya da ɗan data da ke son ya ɗauki tsuntsaye biyu ya auna su da juna: daga ina kowanne ya fito a cikin zuriyar tsuntsaye, kuma wanne ya fi kusa da ɓacewa daga doron ƙasa. Aikin ba ya cin kuɗi. Takarda da biro da intanet sun isa, sai kuma haƙurin karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin manya.

Da tsuntsaye biyu na ƙasarmu zan yi aikin. Ta farko farar tsuntsuwa ce ta bakin teku, siririya, mai baki mai tsini da doguwar wutsiya mai reshe biyu, wadda ƙirjinta kan ɗan yi ruwan hoda a lokacin aure. Masana na kiranta Sterna dougallii. Na biyun ɗan kurmi ne, bayansa baƙi-baƙi, wuyansa da cikinsa fari, kansa ba gashi ko ɗaya sai fata ruwan ɗorawa da baƙin tabo babba a kowane gefe. Sunansa Picathartes gymnocephalus. A aji muna ce mata 'yar-teku, shi kuma mai-sanƙo, don sauƙin magana. Idan aka haɗa da wutsiya tsawonsu ya yi kusa da juna, wajen santimita 40, amma shi ya ninka ta nauyi: ita gram 100 da 'yan kai, shi tsakanin 200 da 250.

Abu na farko, ka samo sunan kimiyya kafin ka rubuta komai. Masuntan Jamestown da Chorkor suna da sunan da suke kiran fararen tsuntsayen da ke bin kwalekwalensu, mu ma muna da namu, amma a wannan gaɓar tekun tamu akwai irinsu kala-kala masu kama da juna, kuma halin da kowanne ke ciki daban ne. In ka yi bincike da sunan gari, za ka iya ɗauko bayanin wani ka ɗora wa wani. Sunan kimiyya kalma biyu ne, ta farko ta gidan da tsuntsun ya fito, ta biyu tasa ta kansa. Wani masani ɗan Suwidin, Linnaeus, shi ya kafa wannan tsari, kuma na dabbobi daga 1758 ake fara lissafinsa.

Bayan sunan za ka ga sunan mutum da shekara. Na 'yar-teku Montagu ne, 1813. Na mai-sanƙo Temminck ne, 1825, amma nasa a cikin baka yake, kamar haka: (Temminck, 1825). Kada ka tsallake wannan bakar. Tana nufin wanda ya fara bayyana tsuntsun a wani gida ya sa shi, daga baya aka sauya masa. Temminck a cikin hankaki ya jefa shi, sai a 1828 wani Bafaranshe mai suna Lesson ya ware masa gida nasa.

Yanzu ka ja layi a tsakiyar takarda, tsuntsu ɗaya dama ɗaya hagu, ka sauko daga sama. Tsarin kamar na asalin mutum ne a zango: al'umma, sannan zuriya, sannan dangi, sannan gida, sannan shi mutumin. Hawa uku na sama duk ɗaya ne gare su: dabbobi ne, Animalia; masu ƙashin baya ne da makusantansu, Chordata; tsuntsaye ne, Aves. A hawa na huɗu, na zuriya, suka raba hanya. 'Yar-teku tana cikin Charadriiformes, tare da dogayen ƙafafun nan da ke tsattsage laka a bakin tafki. Mai-sanƙo yana cikin Passeriformes, zuriyar da ta fi kowace yawa, don fiye da rabin nau'o'in tsuntsayen duniya, waɗanda suka kai wajen 11,000, a cikinta suke. A hawan dangi ita Laridae ce, shi Picathartidae. Ga dabarar da ke hana yara ruɗewa: duk sunan da ya ƙare da "iformes" zuriya ce, wanda ya ƙare da "idae" dangi ne.

Wurin da suka raba hanya shi ne amsar tambayar kusanci. In tsuntsaye biyu sun rabu a hawan gida, makusanta ne ƙwarai. In tun a zuriya suka rabu, kamar waɗannan, to nisansu babba ne.

Kafin ka bar wannan layin, ka ƙirga 'yan kowane dangi, don nan ne ake samun abin da yawancin masu kwatance ke bari a baya. Dangin Laridae suna da nau'i wajen 100. Dangin Picathartidae nau'i biyu ne kacal a duniya: namu, da ɗan'uwansa mai toka-tokar wuya, Picathartes oreas, da ke kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru har Gabon. Ranar da mai-sanƙo ya ƙare, rabin dangi guda ya tafi ke nan. Ka rubuta wannan a gefe, zai yi maka amfani in an zo maganar barazana.

Akwai wani tarko a cikin tambayar ita kanta, kuma ina so malamai su kula da shi. "Tsuntsun waƙa" da "tsuntsun teku" ba ma'auni ɗaya ba ne. Tsuntsayen waƙa jini ɗaya ne, reshe ne a cikin Passeriformes da ake kira Passeri, kaka ɗaya suka haɗa. Tsuntsayen teku kuwa sana'a ce ta tara su. Nau'i ne wajen 350 daga zuriyoyi daban-daban da suka koma neman abinci a ruwan gishiri: su fengwin zuriyarsu daban, su albatros tasu daban, 'yar-teku tata daban. Saboda haka in ka rubuta "tsuntsun teku" a layin asali ka yi kuskuren wuri. Gurbinsa layin mazauni ne da hanyar cin abinci.

Shi ma tsuntsun waƙa, ba daɗin murya ake dubawa ba. A can ƙasan maƙogwaro, inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu, tsuntsaye na da wata gaɓar fitar da sauti. Ta 'yan Passeri ta fi ta saura yawan tsokoki, kuma 'ya'yansu koyon kukan suke yi daga manya. Kanari yana ciki, wannan ba wanda zai yi musu. Hankaka ma yana ciki, duk da ƙarar muryarsa. Aku, da ke kwaikwayon maganar mutum, ba ya ciki, zuriyarsa daban. Mai-sanƙo kuwa yana ciki alhali da wuya ka ji bakinsa, in ban da ɗan ƙyaƙƙyaƙa a hankali da wata ƙara mai kaushi in ya tsorata. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ka karanta, ka gwada shi da ido. Akwai wani dattijo a bayan makarantarmu mai kiwon kanari, nakan aiki yaro ya ce, "Baba, Malam yana gaisuwa, ya ce don Allah a ara mana keji ɗaya na ɗan lokaci." Ka sa yara su dubi ƙafar kanarin a kan sandarsa: yatsu uku gaba, ɗaya mai ƙarfi a baya, duk a hawa ɗaya, suna damƙe reshe. Wannan ita ce ƙafar Passeriformes, haka ta mai-sanƙo take, sai dai tasa doguwa ce mai ƙarfi don tsalle yake yi a ƙasa da kan duwatsu, yana bin rundunar kwarkwasa yana cin ƙwarin da ta koro. Sannan ka nuna musu hoton ƙafar 'yar-teku: gajeriya, da fata tsakanin yatsun gaba irin ta agwagwa. A saman idanunta akwai wasu gaɓoɓi da ke tace gishiri daga jini su zubar ta hanci, shi ya sa ruwan teku ba ya cutar da ita. Ɗanta da gashi yake fitowa daga ƙwai, ido buɗe, ba a jima ba ya fara yawo. Ɗan mai-sanƙo tsirara yake fitowa, ido rufe, sai an yi makonni ana ba shi a baki cikin sheƙar laka da iyayen suka manna a jikin dutse mai rumfa. Inda suka yi daidai shi ne yawan ƙwai: kowannensu ɗaya ko biyu.

Ka kuma rubuta shekarar littafin ko shafin da ka ɗauko rabe-raben, don abin yana sauyawa. Tsofaffin littattafai na sa 'yar-teku a dangin Sternidae, na yanzu sun haɗe su cikin Laridae. Mai-sanƙo ya sha yawo daga wannan dangi zuwa wancan kafin binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa makusantansa wasu tsuntsayen duwatsu ne na Afirka ta Kudu da wani ɗan kurmi na wajen Malesiya. In yaro ya kawo amsa daga tsohon littafi, ka tambayi shekarar kafin ka ja masa jan biro.

Rabi na biyu na aikin shi ne halin da suke ciki. Ma'aunin da duniya ta yarda da shi shi ne Jan Kundi na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, mai hedikwata a garin Gland na Suwizalan. An fara kundin a 1964, kuma ɓangaren tsuntsaye ƙungiyar BirdLife International ce ke auna shi. Ka shiga shafinsu na intanet, ka rubuta sunan kimiyya, za ka ga haruffa biyu. EX ya ƙare baki ɗaya. EW ya ƙare a daji, sai na hannun mutane. CR yana gab da ƙarewa, EN yana cikin babban haɗari, VU ya raunana, haɗarin na tunkaro shi. Waɗannan uku na ƙarshe su ake kira masu fuskantar barazana. NT ya kusa faɗawa cikinsu, LC babu fargaba a kansa a yanzu. DD na nufin bayanan ba su isa a yanke hukunci ba, kuma kada ka karanta shi a matsayin lafiya lau.

Haruffan ba sa zama a kan yara sai ka haɗa su da abin da suka sani. Ungulun da ke cika mayanka da juji a garuruwanmu, Necrosyrtes monachus, tana LC a da, aka mai da ita EN a 2011, aka kai ta CR a 2015. Ka tambayi duk wani mahauci da ya manyanta a Kumasi yadda sararin kwata yake a da da yadda yake yanzu. Aku mai jar wutsiya, Psittacus erithacus, ya shiga EN a 2016, kuma wani bincike da aka yi a nan Gana ya nuna cewa tun daga 1992 mun rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na wanda muke da shi, saboda kamawa ana sayarwa da sare manyan itatuwan da yake sheƙa a kogonsu.

Ba da ka ake raba waɗannan haruffa ba, akwai ƙa'idoji biyar, A zuwa E. Uku daga ciki za ka fi cin karo da su. Ƙa'idar A saurin raguwa take dubawa cikin shekara 10 ko zamani uku na tsuntsun, wanda ya fi tsawo: raguwar kashi 30 cikin ɗari kan kai shi VU, 50 EN, 80 CR. B faɗin ƙasar da yake zaune take aunawa, tare da ko ta tsattsage ko tana ƙanƙancewa. C ta ƙarancin baligai ce haɗe da raguwa: ƙasa da 10,000 VU, ƙasa da 2,500 EN, ƙasa da 250 CR. Baligai masu iya haihuwa ake ƙirgawa, ban da 'ya'ya. Zamani kuma matsakaicin shekarun iyaye ne, saboda haka tsuntsu mai tsawon rai kamar 'yar-teku, wadda ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara uku kuma tana iya haura ashirin, da dogon ma'auni ake auna ta.

To ga sakamakon namu. Mai-sanƙo VU ne. 'Yar-teku LC ce.

A nan ne wata yarinya takan ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan 'yar-teku ba ruwanmu da ita, mai-sanƙo ne abin ji?" Wannan tambaya ita ce zuciyar aikin duka, kuma amsarta tana wani ɗan layi a shafin da ke faɗin iyakar ƙasar da aka auna. LC ɗin nan na duniya ne baki ɗaya. 'Yar-teku tana haihuwa a gabashin Amurka, da tsibiran Karebiyan, da Turai, da gaɓar Kenya da Afirka ta Kudu, da Seshel, har Japan da Ostareliya. In aka tara su duka, suna da yawa. Amma waɗanda ke sauka a gaɓarmu daga wajen Satumba, bayan ruwan sanyi ya taso daga ƙasan teku ya kawo ƙananan kifayen da muke ci da dokunu, tuwon masarar nan, 'yan Turai ne, kuma su ƙalilan ne. A Birtaniya tana cikin jan jerin tsuntsayen ƙasar. A Amurka ma tun 1987 doka ta sa na arewa maso gabashin ƙasar cikin masu haɗarin ƙarewa.

Labarin ya shafe mu kai tsaye. Daga ƙarshen shekarun 1960 adadinsu ya zube a Birtaniya da Ailan. Masana a can suna sa wa 'ya'yan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, sai aka ga zobba da yawa daga Gana suke komowa. Yara a bakin teku suna kafa zarge da zaren kamun kifi, su sa ɗan kifi a tsakiya, tsuntsuwa ta faɗo ɗauka ƙafarta ta maƙale. Wasu don wasa, wasu don nama, wasu don zoben. A 1985 gwamnatin Gana da ƙungiyar RSPB mai kare tsuntsaye ta Birtaniya da ƙungiyar da ta zama BirdLife daga baya suka fara shirin ceton tsuntsayen gaɓar teku, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu. Daga wannan shiri aka kafa ƙungiyoyin namun daji a makarantu, aka farfaɗo da Ghana Wildlife Society a 1991, sannan a 1992 aka sa wurare biyar na gaɓar teku cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu, da Muni-Pomadze a Winneba. Owabi ta kusa da Kumasi ta riga su shiga tun 1988.

Ba na yarda a ɗora wa yaran bakin teku laifin duka. A can inda take haihuwa ma akwai manyan tsuntsaye da ɓeraye masu cinye ƙwai, da mutane masu tayar da ita daga sheƙa, da ƙarancin kifi. Gyaran ma ta ɓangare biyu aka yi shi. A wani ɗan tsibiri mai suna Rockabill, kusa da Dublin, an sa masu gadi da akwatunan sheƙa, ma'auratan da ba su kai 200 ba a ƙarshen shekarun 1980 suka haura 1,500. Sai dai wannan nasarar tana ɗauke da nata haɗarin, don mafi yawan 'yan-tekun arewa maso yammacin Turai a dutse ɗaya suke taruwa. A 2022 murar tsuntsaye ta faɗa wa tsibirin Coquet na Ingila, inda nan ne kusan duk na Birtaniya ke haihuwa, ta kashe da yawa. Duk wannan ba za ka gan shi a cikin haruffan LC ba.

Shi mai-sanƙo lissafinsa akasin haka ne. A ƙasashe biyar kawai yake: Gini, Saliyo, Laberiya, Kodebuwa da Gana. Ba ya ƙaura, ba ya tsallaka fili mai faɗi, kuma kurmi kawai bai ishe shi ba, sai kurmi mai dutse mai rumfa da rafi kusa inda zai sami laka. Baligansa an ƙiyasta ba su kai 10,000 ba, a warwatse cikin ƙananan garke, kuma suna raguwa. A shekarun 1950 da 1960 an kama su da yawa an kai gidajen namun daji na Turai da Amurka. Yanzu babbar matsalar sare kurmi ce, don katako, don gona, don haƙar zinariya, kuma duk ɗan Gana ya ga abin da galamse, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, ke yi wa daji da rafi. A nan ƙasar an daina ganinsa tun shekarun 1960, har aka ɗauka ya ƙare mana, sai a 2003 aka sake ganinsa a gandun dajin Subim. Yau wurin da aka fi saninsa shi ne ƙauyen Bonkro a yankin Adansi na jihar Ashanti, inda mutanen gari ke gadin duwatsun suna raka baƙi masu zuwa kallo.

Bambancin da nake so ka fitar ke nan. Shi, ma'aunin duniya da na gida kusan abu ɗaya suke faɗa, don duniyarsa ƙarama ce kuma muna cikinta. Ita, ma'aunin duniya yana kwantar da hankali, na yankin da ya haɗa mu da Turai yana tayarwa. Shi ana kare shi ne da kare wani kurmi da wasu duwatsu da za ka iya nunawa da yatsa. Ita sai ƙasashe sun haɗa hannu, don wata ƙasa ke riƙe da sheƙarta, wata ke riƙe da abincinta na rabin shekara, kuma 'ya'yanta kan yi shekara biyu ko fiye a tekun Afirka ta Yamma kafin su koma haihuwa.

Sai ka ƙara layi ɗaya na doka, don Jan Kundi ma'auni ne, ba ya kama kowa. Yarjejeniyar CITES ita ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma mai-sanƙo yana jerinta na ɗaya, wanda ya hana kasuwancinsa. A cikin gida Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ke da alhakin tsaro, kuma dokar Gana ta hana kama su biyun.

In ka zo rubuta kwatancen, kada ka tsaya ga haruffa. Kowane tsuntsu ka ba shi harafinsa, da shekarar da aka auna shi, da iyakar ƙasar da aka auna, da inda kibiyar adadi ta nufa, sama ko ƙasa, da dalili. Ba na karɓar aikin da ya ce "wannan VU, wancan LC" ya ajiye biro. In aka tambaye ni wanne ya fi kusa da ƙarewa a duniya, mai-sanƙo ne, ba shakka, ga kuma ƙarancin danginsa. In aka tambaye ni wanne ne yaron Nima ko Mamobi zai iya yi wa wani abu da hannunsa, 'yar-teku ce, don mazauninta kuɗin trotro ne tsakaninmu da shi, kuma muna gani da idonmu yadda gine-gine da shara ke cinye gefen tafkin Sakumo. Nakan tuna wa yara ayar Suratul An'am da ke cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye masu tashi da fikafikansu al'ummomi ne kamar mu. Al'ummar da ke sauka wurinmu baƙunta tana da haƙƙi a kanmu ko da 'yan'uwanta na Ostareliya suna nan lafiya.

Wanda ke son ganin su da ido, ga yadda za a yi. Don 'yar-teku, ka je Sakumono ta hanyar bakin teku mai zuwa Tema, ko gonakin gishirin da ke bakin Densu ta wajen Dansoman, tsakanin Satumba da Nuwamba, da sassafe ko da la'asar sakaliya lokacin da suke dawowa hutu. Ka nemi aron madubin hangen nesa da littafin tsuntsayen Gana na Borrow da Demey. Ka sani cewa a wannan lokaci ba ta sanye da kayan aure: goshinta ya yi fari, ruwan hodar ya kusa gushewa, bakinta baƙi, kuma tana cakuɗe da 'yar'uwarta Sterna hirundo wadda ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. Abin da za ka nema shi ne wadda bayanta ya fi na saura haske, mai saurin kaɗa fiffike. In ba ka tabbata ba, ka rubuta Sterna kawai ka bar gurbin na biyu. Kada ka bar yara su ruga cikin garken don su ga tashinsu, kowane tashi ƙarfi ne suke ƙonawa wanda suke tarawa don tafiya.

Don mai-sanƙo, 'yan Kumasi sun fi mu kusa: hanyar Cape Coast, a ratse ta wajen New Edubiase. Ba a shiga sai da ɗan rakiya na gari, ana biyan abin da suka yanka, ana hawa tudun da rana ta karkata, a zauna shiru gaban dutsen har su dawo kwana. Ba a taɓa sheƙa, ba a haska musu fitilar kyamara, kuma yara kaɗan ake ɗauka a tafiya ɗaya.

In kuma ka tsinci farar tsuntsuwa matacciya a bakin teku da zobe a ƙafa, kada ka ɗauke ta da hannu tsirara saboda murar tsuntsaye. Ka sa leda a hannu, ka juya zoben, ka ɗauki hoton lambar da rubutun da ke jiki duka, ka rubuta rana da sunan wurin, ka kai wa Ghana Wildlife Society ko ofishin Sashen Namun Daji mafi kusa. Da wannan lambar za a gano tsibirin da aka ƙyanƙyashe ta da shekarar da aka sa mata zoben.